Takalmi, ruwa da ɗan gari: amsa ga masu son hawan tuddan Yamai da Adar

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa, saƙonnin da ke zuwa mini suka karkata kan abu guda, wato fita bayan gari a hau tudu. Wani likita ne ya ce masa ya riƙa tafiya, wani hotunan abokai ya gani a waya ransa ya biya, wani kuma zaman fada da shan shayi ne ya ishe shi. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su, na cire sunaye.

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a unguwar Talaje. Ni da abokaina muna so mu fara zuwa tuddan bayan Harobanda, a ƙetaren kogin Yamai, kowace Lahadi. Na ga wani a Facebook yana tallar takalmin hawan dutse mai dogon wuya, ya ce daga Faransa aka kawo shi, kuɗinsa ya kusa rabin albashina. Abokina ya ce in shiga gwanjo in sayi kambas kawai. Wanne zan yi?

Amsa: Ɗana, riƙe albashinka. Sayen takalmi daga hoto cinikin biri ne a sama, domin ƙafa ce ke zaɓen takalmi, ido kuwa rakiya yake yi mata. Ban da wannan, irin takalmin da ka gani an ɗinka shi ne don ƙasar sanyi, inda ake taka ƙanƙara da taɓo da kaya mai nauyi a baya. A cikinsa akwai shafin da ke hana ruwa shiga, shi ne kuma ke rage fitar gumi. Ka sa shi a nan da hantsi, kafin ka kai kan tudu ƙafarka ta jiƙe, fata ta yi laushi, sai bororo.

Dubi ƙasar da za ka taka tukuna. Dutse mafi tsawo a Nijar yana can Ayar, a tsaunukan Bagzan, mita 2022. Yamai kuwa mita 200 da ɗan wani abu take bisa teku, tuddan da ke kewaye da ita kuma da mita gomomi kawai suka ɗara kwarin kogi. Wanda yake da lafiya zai hau a cikin ƴan mintoci. Wahalar tana ƙarƙashin tafin ƙafa. A gindin tudu yashi ne na ƙorama, ƙafa na nutsewa. A gangare tsakuwar marmara ce, ƙanana masu zagaye kamar gujiya, suna mirginawa da mutum. A sama shimfiɗar dutse ce ja-baƙa mai kaifin baki. Ko'ina kuma ga ƙarangiya, ga tsidau, ga ƙayar aduwa wadda ke huda tafin takalmi mai laushi ta taɓa nama.

Saboda haka tafin takalmi za ka saya, ragowar duk biye suke. Idan ka ɗauki ɗaya a kasuwa, lanƙwasa shi. Wanda ya dace yana lanƙwasuwa ne daidai gindin yatsu, tsakiyarsa ta tsaya ƙyam. Murɗa shi kamar mai matse wanki, in ya murɗu ba gardama ka ajiye. Danna tafin da babban yatsa daga ciki, in kana jin yatsanka ta waje, ƙaya ma za ta same ka. Juya shi ka dubi zanen ƙasan: kana son gurabe masu zurfi da za su kama tsakuwa, wanda ya sulɓe kuwa ko kyauta ne ka bar shi. Saman ya zama fata ko yadi mai ƙarfi. Mai raga-raga yana da daɗin iska, sai dai yashi yana shiga, ƙarangiya kuma tana maƙalewa a ramukan har ta kai ga safa.

Ka je sayen da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, kuma ka tafi da safar da za ka riƙa sawa. Tsakanin babban yatsanka da bakin takalmi a samu fili kamar faɗin babban yatsan hannu. Ɗaure igiya, ka nemi wuri mai gangara ko bakin dakali ka tsaya kana fuskantar ƙasa. In yatsunka suka bugi gaba, wannan takalmin zai baƙanta maka farce a saukowa.

Gwanjo ba laifi, ni ma can nake saye, amma akwai abin da ya taɓa samuna. Na sayi wani takalmi mai kyan gani, kamar ba a taɓa sa shi ba. Fitata ta biyu da shi, ina tsakiyar gangare, tafin ya ɓare gaba ɗaya, abin da ke tsakani ya rududduge kamar busasshen burodi. Da igiyar takalmin na ɗaure shi na sauko, ƙaya ta shige ni sau biyu kafin in kai hanya. Daga baya na gane cewa akwai irin robar da ake sawa a tsakiyar tafi wadda ke ruɓewa idan takalmi ya daɗe a ajiye, ko da ba wanda ya taka shi. Don haka a gwanjo, wanda aka ɗan taka ya fi mini kwanciyar hankali a kan wanda ya yi shekaru a kwali. Soka farce a gefen tafin, in ya ɓarɓashe ko ka ji danƙo, mayar wa mai shi. Wanda ka saya kuma ka kai wa mai gyaran takalmi ya zagaye shi da ɗinki, domin zafin dutsen nan yana sakin gam.

Za ka ga makiyayi yana hawa da takalmin taya ko balka, ko a jikinsa. Tun yana yaro yake taka wurin, ƙafarsa ta san kowane dutse. Taka ƙafar ta saba da siminti da babur. Ka yi sati guda kana yawo da sabon takalmin a cikin unguwa kafin ka kai shi tudu, ka kuma sa safa ta biyu a jaka.

Tambaya: Malam, ina yi maka fatan alheri. Shekaruna 56, ina da hawan jini da ciwon suga, likita ya ce in riƙa tafiya. Ɗana da ke waje yana so ya aiko mini da kuɗin na'urar nan da ake tafiya a kanta a cikin ɗaki. Ni kuwa raina ya fi son in fita in ga sarari, har in hau tudu in hangi kogi kamar yadda muke yi a ƙauye muna yara. Me ka gani?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa yaron albarka. Ni dai ina bayan ranki. Na'urar tana son wuta mai tsayawa, ƙurar Yamai tana shiga injinta, mai gyaranta kuma sai an nema. Abin da ya fi wannan, tafiya a ɗaki ana kallon bango tana saurin gundurar mutum, abin da ya gundure ki kuwa ba za ki daɗe kina yi ba. Ki ce masa ya saya miki na'urar awon jini irin ta damtse, da takalmi rufaffe mai kyau, ragowar kuɗin a ajiye don motar fita.

Amma tudu ba shi ne farko ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a sati, wato minti 30 sau biyar. Ki fara da minti 10 ko 15 a shimfiɗaɗɗen wuri bayan sallar asuba, a unguwa ko a bakin kogi, kina ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ma'aunin saurin yana bakinki: in kina iya hira da abokiyar tafiya kina kan daidai, in magana ta fara yankewa ki rage. Idan kin yi wata biyu a haka ba haki, ki koma wa likitanki ki gaya masa kina son hawan tudu. Shi ya san magungunan da kike sha, wasunsu suna sa yawan fitsari ko jiri a cikin zafi.

Ranar hawan kada ki fita da yunwa. Ki sa dabino ko ƙwayoyin sukari a jaka, da zarar kin ji rawar jiki, gumi mai sanyi ko duhu-duhu a ido, ki zauna ki ci. Ciwon ƙirji kuwa, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan an huta, magana ce ta asibiti nan take. Da kin dawo gida ki cire safa ki duba ƙafafunki har tsakanin yatsu, domin suga yana rage jin zafi a ƙafa, ƙaya na iya shiga ba ki sani ba.

Sai sutura. Zani mai matse taku yana da haɗari a gangare, ki sa wando a ciki, ki ɗaura zanin da sauƙi. Dogon hijabi mai jan ƙasa yana kama ƙaya, yana kuma rufe miki inda za ki sa ƙafa, wanda ya tsaya a gwiwa ya fi. Sandar ƙarfe ta kanti ba dole ba ce. Sandar gora ko ta makiyaya ta wadatar, a yanke ta yadda in kin riƙe gwiwar hannunki za ta yi kusurwa daidai. A saukowa za ki ga amfaninta, nan ne gwiwa ke shan nauyi. Ki sauko a karkace, taku gajere-gajere, sanda tana gaba, jika ko ɗiya tana gefenki.

Tambaya: Kawu, ni ɗalibi ne a Jami'ar Abdou Moumouni, daga Damagaram na zo. Na tara jika ashirin. In sayi madubin hangen nesa ne ko in ƙara in canza waya mai kyamara mai kyau? Kuma ina ne wuraren da ake hangen gari? Abokan ɗakina suna cewa Yamai ba ta da abin hawa.

Amsa: Ɗana, abokan ɗakinka ba su ɗaga kai ba ne. Kai da jami'arku take Harobanda ka fi kowa kusa. Tuddan nan uku masu shimfiɗaɗɗen kai da ake kira Trois Sœurs, wato ƴan'uwa mata uku, a ɓangarenku suke. In ka bi kogi ta sama a wannan gaɓar akwai tuddan yashi wajen Karey Goru. A ɗaya gaɓar kuma, hanyar Bubon, garin tukwane mai cin kasuwa ranar Laraba, tana da wuraren da ƙasa ke ɗagawa a ga kogin Isa da tsibiransa.

Ƙaramin tudu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yana ba ido abin da babban dutse a cikin tsaunuka ba ya bayarwa, domin babu abin da ke tare shi. Mutum a tsaye a fili, iyakar ganinsa ba ta kai kilomita 5 ba, saboda lanƙwasar duniya. Ya hau mita 50 kacal, sai ta koma kimanin kilomita 25. Daga can za ka ga gadar Kennedy da aka buɗe a 1970, da gadoji biyu da suka biyo bayanta a 2011 da 2021, da gonakin shinkafa kore shar a bakin ruwa, da yadda gari ya bazu yana cin gonakin gero. Ka lura da kawunan tuddan: kusan tsayinsu ɗaya. Dā shimfiɗa guda ce, ruwan sama ya yi ta zaizaye ta tsawon zamani, inda ɓawon marmara ya yi tauri ne kawai ya rage a tsaye. Aikin bai tsaya ba. Dubi bakin kowace ƙorama inda ta haɗu da kogi, za ka ga tulin yashin da ta zubar. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan cikewar kogi da yashi, ko a kan dalilin da ruwa ya ci unguwannin gaɓarku a damanar 2020.

Lokaci ya fi kayan aiki tasiri. Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba ƙasa na da sauran kore, sama a wanke. A Janairu da Fabrairu kogi cike yake da ruwan da ya taso tun daga Gini ya yi watanni a hanya, sai dai hazo na iya rufe komai, ranar da ka tashi ka ga rana fara fat kamar faranti ka ɗaga fitar. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, dutsen kuma ya fi iska zafi, in ba da sassafe ba kar ka je. Da damana kuwa, in hadari ya haɗo ka sauka daga kan tudu, domin tsawa tana neman abin da ya fi tsawo, kuma kar ka tsaya cikin ƙorama, ruwan da aka yi can nesa yana iya iso ta ba ɗigo ɗaya a kanka. A Janairu rana ba ta fitowa a Yamai sai bakwai ta wuce, ka yi asuba ka kama hanya, ka iske fitowarta a sama. In da yamma ka je, ka sauko kafin ta faɗi, duhu ba ya jira a ƙasarmu.

Batun saye kuma, kar ka canza waya saboda wannan. Kyamarar waya tana ƙanƙanta abin da ke nesa, in ka jawo shi hoton ya dushe. Madubin hangen nesa yana da daɗi, musamman wajen kallon tsuntsayen kogi. Lambobi biyu ake rubutawa a jikinsa, misali 8x42: ta farko yawan kusantowa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Takwas ta ishe ka. Wanda ya wuce goma yana rawa a hannu, masu rubutun manyan lambobi a kan araha kuwa yawanci ƙarya ce. Gwada shi a kan sandar lantarki mai nisa, in ka ga biyu ko kanka ya fara sarawa, gilasansa sun goce, ba ya gyaruwa da sauƙi.

Duk da haka, shawarata ka jinkirta sayensa, kuma dalilin halin tsaro ne. Yamai tana tsakiyar jihar Tilaberi, inda aka daɗe da kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassa, har aka hana hawan babur a wasu wuraren. Ba mu manta da ranar 9 ga Agusta 2020 ba, da aka kashe mutum takwas a yankin raƙuman dawa na Kure, wurin da kowa ke ɗauka na shan iska ne. Saurayi baƙo a kan tudu da madubi a ido yana duban gada, ka san yadda jami'in tsaro ko mutumin ƙauye zai fassara shi. Kar ka ɗauki hoton gada, bariki, filin jirgi ko shingen bincike. Ka riƙe katin shaidarka da na ɗalibi. Ku tafi ku uku ko huɗu, ku sanar da wani inda za ku da lokacin dawowa. Wurin da aka je lafiya bara ba lalle ne a je bana ba, don haka a tambayi jandarma ko mai unguwar da ke gindin tudun a satin da za a fita. In suka ce a bari, a bari. Kuɗinka ka raba su tsakanin takalmi, malfa da kuɗin mota.

Tambaya: Malam, gorar ruwa ta ƙarfe mai riƙe sanyi ta cancanci kuɗinta? Ko piya wata ya isa?

Amsa: Ƙanena, yawan ruwan ya fi sanyinsa muhimmanci. Mai tafiya a zafi yana buƙatar rabin lita zuwa lita guda a kowace awa, gorar ƙarfe kuwa nauyi gare ta kuma cikinta kaɗan ne. Fitar awa uku, ka ɗauki lita biyu zuwa uku. Nemi gorar roba mai ƙarfi, ka sa a ɗinke mata rigar buhun algarara ko tsohon bargo irin yadda direbobin manyan motoci ke yi wa jarkarsu, ka jiƙa rigar ka rataya a inda iska ke bugawa. Busasshiyar iskarmu tana sanyaya ta, dabarar salka da randa ce. Ledar piya wata tana fashewa a jaka, wadda aka shanye kuma a kan tudu ake yar da ita, awaki su ci ta toshe musu ciki. In ita ka samu, ka dawo da ledojinka gida.

Ka riƙa kurɓa tun ƙishi bai kama ka ba. In an yi gumi da yawa, a lita guda a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Da ruwanka ya kai rabi, ka juya.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Tawa. Ina so in kai ɗalibaina su 25, ƴan shekara 12 zuwa 14, su ga duwatsun Adar wajen Keita. Kuɗin da iyaye suka haɗa ba yawa. In ɗauki shatar mota mai kyau, ko in rage a mota in biya wanda zai yi mana jagora? Wani abokin aikina ya ce taswirar waya ta isa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan saƙo ya faranta mini rai fiye da sauran, domin yaran Adar da yawa suna haddace sunayen tsaunukan wasu ƙasashe a aji, ba su taɓa tsayawa a kan dutsen da ke bayan garin kakansu ba.

Kar ka rage a lafiyar mota, rayukan ƴaƴan mutane ne a hannunka. Kyanta ba ruwanka da shi, birki da taya da direban da ya san hanyar su ne abin dubawa. Keita tana da nisan kilomita 70 ko kusa da haka daga Tawa, ka je tasha ka tambayi direbobin layin halin da hanya take ciki a wannan watan. Inda za ka rage shi ne abinci da kayan ƙawa. Dambu, ƙuli-ƙuli, dabino da cuku daga gida sun fi lemon kwalba da biskit riƙe ciki, kuma sun fi araha. Riguna iri ɗaya masu rubutu ba su da amfani a kan dutse.

Jagora kuwa dole ne. Taswirar waya tana nuna maka tudu, ba ta nuna inda gefen dutse ya rube, ko gonar da mai ita ba ya son a ratsa, ko kogon da zuma ta yi gida. Ba ta san makabarta ba, ba ta san wurin da mutanen gari ke girmamawa tun kakanni ba, irin wanda ake da shi a Masalata kusa da Ƙonni. Da ɗan gari kan ci gari. Ka je kai kaɗai sati guda kafin ranar, ka gaida maigari da goronsa, ka faɗa masa nufinka, ka roƙe shi ya haɗa ka da mutum natsattse, manomi ko makiyayi. Ku yanke lada a gabansa. Ma'aunin da nake bi shi ne abin da ake biyan ɗan ƙwadago na yini a wannan garin, in ɗora wani abu a kai, kuma ya ci abinci tare da mu. A wannan zuwan ka hau tudun da ƙafarka, ka ga hanyar da yara za su bi. Ka samu izinin iyaye a rubuce da na hukumar makaranta, ka kuma sanar da jandarmomin Keita, domin jihar Tawa ma tana da sassan da ba a shiga yanzu, musamman ta arewa.

In da hali, ka roƙi a samo maka wata dattijuwa cikin matan da suka yi aikin farfaɗo da ƙasa na Keita. An fara wannan aikin a 1984, bayan fari, da tallafin Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawansa, domin maza sun tafi cin rani. Su suka ɗauko duwatsu a ka suka jera a gangare, suka haƙa ramuka a jikin tudu don tare ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa, ana biyansu da abinci. Daga sama yara za su ga layukan duwatsun suna bin kwanciyar ƙasa, su ga inda fako ya koma gona, su ga inda aka bar aikin ya lalace ruwa ya sake yanka kwazazzabo. Ka nuna musu tassa da rabin wata a gonaki, wato ramukan da ake haƙawa don tare ruwan sama, ka bar dattijuwar ta gaya musu nauyin dutsen da nisan da ake ɗauko shi. Ka gargaɗe su kada wanda ya ɗaga dutse daga layi ko ya gangaro da shi don wasa. Wata shekarar, in Allah ya kai mu, ka kai su wajen Buza su hangi kwarin Majiya, inda aka fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska tun 1975.

Akwai kuma abin da zai ba su mamaki a ƙarƙashin ƙafarsu. A jikin farin dutsen Adar ana samun ɓawon katantanwa da na wasu halittun ruwa da suka zama dutse, domin miliyoyin shekaru da suka wuce teku ne ya rufe wurin. Irin wannan farin dutsen ne ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza. Su duba, su zana a littafi, a ɗauki ɗaya ko biyu don aji, a bar sauran a inda suke.

Yara 25 suna son manya aƙalla huɗu ban da jagora, cikinsu da malama saboda ƴan mata. Jagora a gaba, kai a baya, ba mai wuce na gaba, ba mai zama bayan na baya. Ka ƙirga su a gindin tudu, a sama, da bakin mota. Kowa da rufaffen takalmi, wanda ba shi da shi ya ara, silifas ba ya hawa. Kada yaro ya zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, nan kunama da kububuwa ke kwana. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau da igiya. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi a kai mota, a nufi asibiti. Saboda haka motar ta tsaya a gindin tudu da direbanta a ciki har ku sauko, kada ya ce zai je kasuwa ya dawo. Ku bar Tawa da asuba, ku kasance a sama kafin tara, ƙarfe goma sha ɗaya ta same ku a inuwa kuna cin dambu.